BABI NA UKU: RABON KAFAR SADARWA TSAKANIN NA'URORI A ZANGON DA BA YA BUƘATAR LASISI, TARE DA MISALI DAGA GAYA DA AJINGI

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi bayani ne a kan yadda wayoyin hannu da makamantansu suke raba kafar sadarwa guda ɗaya a tsakaninsu, a lokacin da suke aika wa juna saƙo kai tsaye, watau ba tare da saƙon ya bi ta turken kamfanin waya ba. Tambayar da babin zai amsa ita ce: idan na'urori da yawa suka taru a wuri ɗaya, kuma babu wani shugaba da zai raba masu lokaci, wace ce za ta fara magana, wace ce kuma za ta jira? Za a nuna cewa amsar ta dogara ne a kan wata ƙa'ida da kowace na'ura take bi don kanta, ita ce saurare kafin magana. Haka kuma za a nuna inda wannan ƙa'ida take yin adalci da inda take gazawa. An ɗauko misalan daga rayuwar yau da kullum ta mutanen Gaya da Ajingi.

3.1 Gaya da Ajingi ta Fuskar Sadarwa

Gaya da Ajingi ƙananan hukumomi ne guda biyu masu maƙwabtaka da juna a gabashin Jihar Kano, wajen iyaka da Jihar Jigawa. Gaya tsohon gari ne ƙwarai, domin tarihin baka ya nuna cewa maƙeran farko da suka zauna a gindin dutsen Dala daga can suka fito, su ne ake kira Abagayawa. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Gaya tana da mutane sama da 200,000, ta Ajingi kuma sama da 170,000. Mafi yawansu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa.

Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a shekarar 2001, sannan ta riƙa bazuwa daga birane zuwa karkara. Sai dai mallakar waya daban, iya sayen data daban. Saboda tsadar data da raunin sabis a wasu ƙauyuka, da kuma ƙarancin wutar lantarki, jama'a sun saba da tura wa juna abubuwa daga waya zuwa waya. Karatun malamai da waƙoƙi da fina-finan Hausa da hotunan biki da takardun karatun ɗalibai duk ta haka suke yawo. Da farko Bluetooth aka fi amfani da shi, daga baya manhajoji irin su Xender, masu aiki da Wi-Fi, suka karɓe fagen. Har ma abin ya zama sana'a, domin a kasuwanni da tashoshin mota na ƙasar Kano ana samun rumfunan masu cajin waya da masu tura fina-finai, inda mutum zai biya kuɗi kaɗan a cika masa waya. Ga mai irin wannan rumfa, saurin tura fim shi ne cinikinsa, domin duk mintin da ya ɓata yana jiran fim ɗaya ya shiga, wani mai saye ne ya gaji ya wuce.

3.2 Zangon da Ba Ya Buƙatar Lasisi

Kowace na'urar da ba ta da igiya tana aika saƙo ne ta iska a kan wani zango, kamar yadda masu sauraren rediyo suka san gajeren zango da matsakaicin zango. Ana auna zangon da megahaz ko gigahaz, gigahaz ɗaya kuwa megahaz 1,000 ne. A Nijeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda aka kafa a 1992 aka kuma sabunta dokarta a 2003, ita ce take ba kamfanonin waya lasisin zango. A gwanjon da aka yi a watan Janairu na 2001, kowane lasisin wayar salula ya kama dalar Amurka miliyan 285. Wanda ya biya irin wannan kuɗi yana da zangonsa shi kaɗai, kuma turkensa ne yake gaya wa kowace waya lokacin da za ta yi magana. Ke nan a nan akwai shugaba.

Amma akwai wasu zangogi da aka bari ga kowa. Mafi shahara a cikinsu shi ne na gigahaz 2.4, wanda ya tashi daga megahaz 2,400 zuwa 2,483.5. Tun asali an ware shi ne domin injunan masana'antu da na kimiyya da na asibiti, shi ya sa murhun lantarki mai ɗuma abinci da igiyar rediyo yake aiki a cikinsa. A shekarar 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta yarda a yi sadarwa a cikinsa ba tare da lasisi ba, sauran ƙasashe kuma suka bi sahu. Akwai kuma wani zangon a wajen gigahaz 5. Sharaɗin amfani da su shi ne na'ura ta rage ƙarfin muryarta, kuma ta haƙura da hayaniyar wasu, domin babu wanda zai kai ƙara cewa an shiga gonarsa. Za a iya kwatanta wannan zango da burtali ko makiyaya: kowa yana da ikon shiga, babu mai ikon korar wani.

An raba zangon gigahaz 2.4 zuwa kafofi 13 a yawancin ƙasashe, tsakanin kowace kafa da mai bi mata megahaz 5. Sai dai faɗin da Wi-Fi yake ci ya kai megahaz 20 zuwa 22. Saboda haka kafofin suna hawa kan juna, guda uku ne kawai suke zaune lafiya ba su taɓa juna ba, watau ta 1 da ta 6 da ta 11. Abin nufi a nan shi ne, komai yawan wayoyin da ke rumfa, hanyoyi uku ne na sosai suke rabawa a wannan zango.

3.3 Matsalar Karo da Asalin Maganinta

Idan na'urori biyu suka yi magana a kafa ɗaya a lokaci ɗaya, muryoyinsu suna cakuɗewa, mai karɓa ya kasa gane ko ɗaya. Wannan shi ake kira karo. Na'ura ba ta aika fim gaba ɗaya a dunƙule, tana yanka shi ne ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana kiransa ƙunshi. Duk ƙunshin da ya yi karo ya lalace, sai an sake aiko shi.

Wanda ya fara fuskantar wannan matsala a aikace shi ne Norman Abramson na Jami'ar Hawai a Amurka. A shekarar 1971 shi da abokan aikinsa suka haɗa kwamfutocin da ke tsibirai daban-daban ta hanyar rediyo, a wani tsari da suka sa wa suna ALOHA. Dokarsu mai sauƙi ce: duk mai saƙo ya aika, idan bai ji amsa ba ya jira ɗan lokaci ya sake. Lissafi ya nuna cewa a irin wannan tsari, abin da za a iya mora daga kafar bai wuce kashi 18 cikin 100 ba, saura duk karo da zaman banza. A 1972 Lawrence Roberts ya nuna cewa idan aka yanka lokaci gurbi-gurbi, aka ce kada kowa ya fara sai a farkon gurbi, abin zai ninka zuwa wajen kashi 37. A 1975 kuma Leonard Kleinrock da Fouad Tobagi suka yi nazarin wata dabara da ta fi waɗannan, ita ce na'ura ta saurari kafar tukuna kafin ta buɗe baki. A kan wannan dabara aka gina ƙa'idar IEEE 802.11 ta shekarar 1997, wadda daga 1999 aka san ta da sunan Wi-Fi.

3.4 Saurare Kafin Magana

Kwamfutocin da aka haɗa da igiya suna iya jin karo a daidai lokacin da yake faruwa, su katse magana. Na'urar rediyo ba ta da wannan dama, domin muryarta da ke fita tana danne duk wata murya da ke shigowa daga nesa, tamkar makaɗin da ke tsakiyar kiɗa ba ya jin mai yi masa raɗa. Don haka dole ta yi ƙoƙarin kauce wa karon tun kafin ya auku. Matakan da take bi su ne kamar haka, bisa ga adadin da ake amfani da shi a zangon gigahaz 5. Maikirosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan.

(a) Na'ura mai saƙo za ta saurari kafar. Idan wani yana magana, sai ta jira ya gama.

(b) Bayan an yi shiru, sai ta ƙara jira na maikirosakan 34.

(c) Daga nan sai ta jefa ƙuri'a, ta zaɓi lamba tsakanin 0 da 15. Kowace lamba gurbi ɗaya ce mai tsawon maikirosakan 9. Sai ta riƙa ƙirgawa ƙasa-ƙasa.

(d) Idan wata ta riga ta kai sifiri ta fara magana, sai ta tsayar da ƙirgarta, ta ci gaba daga inda ta tsaya bayan waccan ta gama. Wannan ne yake sa wadda ta daɗe tana jira ta fi sabuwar zuwa kusa da samun dama.

(e) Idan ta kai sifiri sai ta aika ƙunshinta. Mai karɓa zai maido da shaidar karɓa bayan maikirosakan 16 kacal. Da yake 16 bai kai 34 ba, babu wanda zai riga shaidar shiga kafar.

(f) Idan shaida ba ta zo ba, sai na'urar ta ɗauka an yi karo, ta ninka faɗin ƙuri'arta zuwa 31. In an sake karo zuwa 63, haka-haka har 1,023.

Hikimar mataki na ƙarshe ita ce, kowace na'ura tana ƙara haƙuri ne gwargwadon cunkoson da ta gani, ba tare da wani ya umarce ta ba. Lissafi kaɗan zai nuna dalilin hakan. Idan wayoyi biyu ne suke jefa ƙuri'a a cikin lambobi 16, sau ɗaya cikin 16 ne za su dace da lamba ɗaya. Idan biyar ne, yiwuwar a sami biyu masu lamba ɗaya ta kai rabi. Idan kuwa goma ne, ta kai wajen kashi 97 cikin 100. Wannan ne dalilin da ya sa tura fim yake gudu da safe kafin kasuwa ta cika, amma ya riƙa jan ƙafa idan rumfa ta cika da masu tura wa juna abubuwa. Dama Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ya kamata a lura cewa ko a lokacin da waya ɗaya ta zama cibiya wasu suka haɗu da ita, wannan bai mai da ita sarauniyar kafar ba. A tsarin Wi-Fi Direct na shekarar 2010, wayoyi biyu suna faɗa wa juna lamba tsakanin 0 da 15, mai babbar lamba ta zama shugabar ƙungiya. To amma ita ma shugabar sai ta saurara ta jefa ƙuri'a kamar kowa, kuma ba ta da iko a kan wayoyin rumfar maƙwabta da suke kafa ɗaya da ita.

3.4.1 Matsalar Ɓoyayyiyar Na'ura

Saurare yana amfani ne idan ana jin juna. A ɗauka maigida yana zaune a zaure, wani yana kiransa daga cikin gida, wani kuma daga waje. Maigidan yana jin su duka biyu, amma su ba sa jin juna, don haka kowa yana zaton shi kaɗai yake magana. Haka yake faruwa idan katangar ƙasa ko ƙyauren ƙarfe ko tazara ta shiga tsakanin wayoyi biyu da suke aika wa waya ta uku. Kowace za ta saurara ta ji shiru, su aika tare, karo ya faru a wurin mai karɓa.

Maganin da Phil Karn ya kawo a 1990, wanda Wi-Fi ya ɗauka daga baya, shi ne mai aikawa ya fara tura gajeren saƙon neman izini, yana faɗar tsawon lokacin da yake bukata. Mai karɓa sai ya amsa da saƙon bayar da izini, shi ma ya maimaita tsawon lokacin. Duk wanda ya ji ɗaya daga cikin saƙonnin biyu zai yi shiru har lokacin ya cika. A misalin da ya gabata, tamkar maigidan ne ya ɗaga murya ya ce wa na waje ya faɗi abin da ya kawo shi, na cikin gida ya ji ya dakata.

3.5 Hanyar Bluetooth

Bluetooth, wanda kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya fara aikinsa a 1994, yana zangon gigahaz 2.4 shi ma, amma dabararsa daban ce. Ya raba zangon zuwa ƙananan kafofi 79 masu faɗin megahaz ɗaya-ɗaya, yana tsalle daga wannan zuwa waccan har sau 1,600 a sakan ɗaya, bisa wani jeri da na'urorin da aka haɗa kaɗai suka sani. Idan ya faɗa kafar da wani yake ciki ƙunshi ɗaya ne zai lalace, kafin ƙiftawar ido ya bar wurin. A cikin kowace ƙungiya akwai na'ura ɗaya mai jagora, wadda take iya riƙe bakwai suna aiki, kuma ita take kiran kowace ta yi magana bi da bi. Daga shekarar 2003 aka ƙara masa dabarar gane kafofin da Wi-Fi yake ciki ya riƙa tsallake su. Wannan hanya tana da sauƙin cin batir, amma ba ta da gudu. Alal misali, fim mai nauyin megabait 500, watau megabit 4,000, zai ɗauki sama da minti 30 a gudun megabit 2 a sakan, wanda shi ne kusan iyakar Bluetooth. A Wi-Fi mai gudun megabit 20 a sakan kuwa, minti 3 da sakan 20 ya ishe shi. Dalilin da ya sa masu rumfa suka koma Wi-Fi ke nan, aka bar wa Bluetooth abin sauraren kunne da lasifika.

3.6 Adalcin Layi da Adalcin Lokaci

Ƙa'idar da aka bayyana a 3.4 tana ba kowace na'ura dama daidai da ta 'yar'uwarta wajen shiga kafa. To amma daidaiton dama ba shi ne daidaiton lokaci ba. A ɗauki rijiya mai guga ɗaya, inda aka ce kowa ya ja guga ɗaya ya ba na bayansa. Idan a cikin layin akwai mai jan guga a minti ɗaya da mai ja a minti goma, to mai saurin ma sai ya jira minti goma kafin gugan ya dawo hannunsa.

A shekarar 2003 Martin Heusse da abokan aikinsa a birnin Giranobul na Faransa suka nuna cewa haka Wi-Fi yake. Wayar da take nesa, ko bayan katanga, tana rage gudunta domin saƙonta ya isa lafiya. Ƙunshi mai bit 12,000 yana cin milisakan 12 a gudun megabit 1, amma milisakan ɗaya da 'yan kai kawai yake ci a gudun megabit 11. Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Idan wayoyin biyu suna karɓa-karɓa, kowane zagaye zai ci milisakan 13 da ɗoriya, kuma kowace ƙunshi ɗaya ta aika a cikinsa. Ke nan mai gudun 11 ta faɗo ƙasa da megabit 1. Waya ɗaya mai rauni ta ja kowa ƙasa.

Wannan yana da darasi ga mai rumfa a Gaya ko Ajingi. Ajiye wayoyin da ake tura wa abu kusa da juna ba amfanin mai wayar kaɗai ba ne, amfanin duk wanda ke kafar ne. Haka kuma tura wa mutum biyu-biyu ko uku-uku yakan fi a haɗa goma a lokaci ɗaya. Idan wayoyin suna iya aiki a gigahaz 5, komawa can ya fi, domin kafofinsa sun fi yawa, kuma da yake ba ya ratsa katanga sosai, hayaniyar maƙwabta ba ta cika isowa ba. Ta fuskar ƙa'ida kuwa, gyaran da aka yi wa Wi-Fi a 2005 ya kawo tsarin ba na'ura wa'adin lokaci idan ta ci ƙuri'a, ta aika iyakar abin da za ta iya a cikinsa. Wannan ya karkata rabon daga ƙirga layi zuwa ƙirga lokaci.

3.7 Ba da Aron Lokaci

Su ma masu tsara ƙa'idojin wayar salula, watau ƙungiyar 3GPP, sun shigo wannan zango. A 2016 suka amince da tsarin da zai ba turakun 4G damar amfani da gigahaz 5 bisa sharaɗin saurare kafin magana, a 2020 aka yi wa 5G irin wannan. A tsari na 18, wanda aka kammala a 2024, aka ba wayoyi damar magana da juna kai tsaye a zangon da ba ya buƙatar lasisi.

Abin lura a wannan tsari shi ne ba da aron lokaci. Wayar da ta yi cikakken saurare ta jefa ƙuri'a ta ci, tana samun wa'adin da bai wuce milisakan 10 ba. Idan ba ta cinye shi ba, tana iya sanar da abokiyar maganarta cewa ta ba ta sauran. Ita abokiyar ba sai ta sake jefa ƙuri'a ba, ɗan gajeren saurare na maikirosakan 25 ko 16 ya wadatar, wani lokaci ma idan tazarar ƙarama ce ƙwarai ana yafe mata shi. A misalin rijiya, wanda layi ya zo kansa ne ya ce wa abokinsa ya ja a cikin lokacinsa. Amfanin wannan shi ne amsa tana dawowa da wuri, karo kuma yana raguwa. Haɗarinsa kuwa shi ne, da babu iyaka, wayoyi biyu za su iya miƙa wa juna gugan har abada, Wi-Fi na maƙwabta ya rasa shiga. Shi ya sa aka ƙayyade cewa aron bai wuce wa'adin farko ba, idan ya ƙare kowa ya koma layi.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa zangon da mutanen Gaya da Ajingi suke tura wa juna karatu da fina-finai a cikinsa ba shi da mai rabo, kowace na'ura ce take kame kanta. Tana saurare, tana jefa ƙuri'a, tana ƙara ja da baya idan ta ga cunkoso. An kuma ga cewa wannan ƙa'ida tana da rauni guda biyu, watau na'urar da ba a ji, da kuma na'ura mai jan ƙafa da take cinye lokacin jama'a. Gyare-gyaren da aka yi daga 1990 zuwa 2024, kama daga neman izini har zuwa ba da aron lokaci, duk suna ƙoƙarin toshe waɗannan kafofi ne ba tare da an naɗa wa zangon shugaba ba. Ranar da aka naɗa masa shugaba kuwa, sai an biya kafin a shiga, talakan karkara kuma shi zai fara rasa wurin.